Ina tattakin motsa jiki, ina ɗaukar hoton fili, amma duwatsun suna komawa tsakuwa

"Assalamu alaikum Malam. Shekarata 52, kuma wata takwas ke nan da likita ya ce in riƙa tattaki kullum saboda hawan jini da ƙiba. Ina fita da sassafe, in yi minti 40 zuwa 50 a wata hanya da ta bi gefen gonaki ta haura wani ɗan tudu, daga can ana hango duwatsu da wani tafki. Wallahi wata rana abin da nake gani yakan sa in tsaya in rasa bakin magana. Amma in na ɗauka da waya na dawo gida na duba, sai in ga duwatsun sun koma kamar tsakuwa, sama ta yi fari fat, wani lokaci ma hoton dishi-dishi. Ga shi kuma yawan tsayawar yana sa in ji kamar ina ha'intar motsa jikin. Shin wayar ce ba ta da kyau, in sayi kyamara? Ko kuwa abu biyun nan ba sa haɗuwa, in haƙura da ɗaya?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara lafiya, ya sa tattakin ya yi amfani. In na fahimce ka da kyau, damuwa biyu ce ta cuɗe maka: hoton da kake dawowa da shi bai kama ƙafar abin da idonka ya gani ba, sannan kana zargin kanka cewa kowace tsayuwa sata ce daga lokacin da likita ya ɗora maka. Daga nan ne maganar sayen kyamara ta taso. Bari in faɗa maka tun da wuri, kada ka sayi komai tukuna. Na shafe sama da shekara 20 ina ɗaukar hoton fili da tsaunuka, kuma yawancin hotunan da nake iya nunawa ba tare da jin kunya ba a kan hanyar da na saba bi da ƙafa na same su. Wuraren da na yi doguwar tafiya domin su, na kwana ɗaya na juyo, ba kasafai suka ba ni abin kirki ba. Mutumin da ke bin hanya ɗaya kowace safiya yana da abin da baƙo mai tsadaddiyar kyamara ba shi da shi, wato ya san wurin a cikin haske iri-iri. Kai kana da wannan jarin, ba ka fara cin ribarsa ba ne kawai.

Tunda hotunan ba sa gabana, zan gina amsar ne a kan alamomi ukun da ka ambata. Amma sai mun fara kawar da abin da ke cin ranka.

Maganar ha'intar motsa jiki

Ni ba likita ba ne, kuma abin da likitanka ya tsara maka yana gaba da maganata. Ga dai abin da aka sani. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici. Matsakaici shi ne wanda numfashinka ya ɗaga, kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, kuma ga yawancin mutane yakan kama kamar taku 100 a minti ɗaya. A da ana cewa sai motsin ya kai minti 10 a jere kafin a lissafa shi. An janye wannan sharaɗin: Amurka ta cire shi daga nata ƙa'idojin a 2018, hukumar ta duniya ma ba ta sa shi a na 2020 ba. Ke nan in ka yi minti 15 kana zuba sauri, ka tsaya minti biyu, ka ɗora, babu wanda ya goge maka na baya. Kai da kake minti 40 zuwa 50 kullum kana kan iyakar sama ta ma'aunin ma.

Abin da ke lalata tattaki shi ne tafiyar hawainiya da waya a hannu. Taku biyar a ɗauka, taku goma a ɗauka, ido rabi a hanya rabi a fuskar waya. Zuciya ba ta ɗaga ba, hoton ma ba a natsu an ɗauke shi ba, an yi biyu babu. Masu iya magana suka ce ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. Yadda nake yi shi ne waya tana aljihu, hannuwa suna lilo, ido yana aiki. A duk fita ina ba kaina tsayuwa biyu, in abin ya yi kyau sosai uku. In na tsaya kuwa na tsaya ke nan, minti biyu ko uku cur, babu gaggawa. Mintunan da na ci sai in biya su a ƙarshen hanya. Wannan ƙaidin yana da wani amfani da ban zata ba lokacin da na fara shi: wanda ya san tsayuwa biyu kawai gare shi ba ya ɓarnatar da su a kan abin da bai kai ba, sai ya koyi zaɓe.

Yadda dutse ke komawa tsakuwa

Wannan ne ainihin ciwon, kuma wayarka lafiyarta ƙalau. Idon mutum ba ya ganin fili gaba ɗaya tar a lokaci guda. Wurin da yake gani garau ɗan ƙarami ne, kamar digiri biyu, wato faɗin babban yatsanka in ka miƙe hannu. Sauran duk gefen ido ne. Ido yana ta tsalle daga nan zuwa can, ƙwaƙwalwa tana harhaɗawa, tana girmama abin da ya burge ka, tana shafe abin da bai dame ka ba. Da ka hau tudun nan ka kalli duwatsu, su kaɗai ne suka cika maka rai. Ba ka ga turken lantarki ba, ba ka ga busasshen filin da ke tsakaninku ba.

Ita kuwa waya ba ta da son zuciya. Babban idon yawancin wayoyin yanzu mai faɗi ne, kwatankwacin milimita 24 zuwa 26 a lissafin masu kyamara, yana kwaso kusan digiri 70 daga hagu zuwa dama, ya ba kowane abu daidai gurbinsa. Ka gwada da farin wata. Faɗinsa a sama rabin digiri ne kacal. A hoton da ke da ɗigo 4,000 a kwance, wato ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, watan da ya cika maka ido ba ya kai ɗigo 30. Shi ya sa kowa ya ɗauki wata da waya sai ya ga kamar fitila a nesa. Abin da ya sami duwatsunka ke nan.

Hanyar fita biyu ce, kuma kowacce da irin hoton da take bayarwa.

Ta farko, ka bar duwatsun a matsayinsu na nesa, ka nemo musu abokin zama a kusa. Hoto shimfiɗaɗɗen abu ne, ba shi da zurfi, sai ka ƙirƙira masa. Dutse ɗaya a bakin hanya, kututture, kunyoyin gona da suka miƙe suna tafiya wajen duwatsun, ita kanta hanyar da kake bi in ta yi lanƙwasa, ciyawar bakin tafki da raɓa a kanta. Ka matsa kusa da abin har ka ji kamar ka yi kusa da yawa, taku ɗaya ko biyu tsakaninku, sannan ka durƙusa. Yawancin mutane daga tsaye suke ɗauka, waya daidai fuska, shi ya sa hotunansu duk kama ɗaya. Da ka sauko da waya daidai gwiwa, filin banzan nan da ke tsakiya sai ya matse, abin kusa ya yi girma, idon mai kallo ya samu matakala: daga dutsen gabansa zuwa tafki, daga tafki zuwa duwatsu, daga nan sama. Kuma ka lura, taku goma zuwa gaba ba ya canza komai a dutsen da ke nisan kilomita biyar, amma taku biyu zuwa hagu yana sauya duk abin da ke kusa. Saboda haka in ka tsaya, kafin ka ciro wayar, ka ɗan zaga, ka ga inda bishiya ta daina rufe tafki, inda turken lantarki ya fita daga gefe.

Ta biyu, in duwatsun kansu kake so su cika hoto, sai ka zuƙo. Amma a nan akwai tarko. In wayarka tana da ido fiye da ɗaya a baya, duba lambobin da ke ƙasan fuskar kyamara, irin su 0.5 da 1 da 2 ko 3 ko 5. Ka tsaya a kan waɗannan lambobin, don galibi su ne inda hoton ya fi tsabta. In ka sa yatsu biyu ka ja har 10 ko 20, yanka hoton kawai wayar take yi tana buɗa shi, sai ya fito kamar an shafa masa mai. In ido ɗaya gare ta, kada ka wuce 2. Dabarar da ta fi ba ni sha'awa a nan ita ce ja da baya. A ce akwai bishiya tsakaninka da duwatsun. In ka tsaya gindinta, ita ce ƙatuwa, duwatsun ƙanana. In ka koma baya taku 100 ka zuƙo, bishiyar ta ragu sosai, duwatsun kuwa kusan yadda suke, sai su taso a bayanta kamar bango. Mai tattaki ba ya asarar komai a nan, tunda taku 100 ɗin ma motsa jiki ne. Shi kuma 0.5 ɗin, wanda mutane ke rugawa gare shi don wai "komai ya shiga", shi ne ya fi kowanne ƙanƙantar da dutse. Ka ajiye shi sai ranar da gajimare ya yi abin kallo.

Sai ƙaramin abu guda: ka shiga saitin kyamara ka kunna layukan raga, waɗanda ke raba fuskar gida tara. Amfaninsu na farko shi ne daidaita layin da ƙasa ta haɗu da sama, don tafkin da ya karkata kamar zai zube yana ɓata hoto ko da komai ya yi. Na biyu, su tuna maka ka yanke shawara: sama ce abin kallo ko ƙasa? In sama fayau take babu komai, ba ta kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka. In ita ce ta yi ado, ba ta biyu. Ba doka ba ce. Ranar da tafki ya kwanta luf yana nuna hoton duwatsu a cikinsa, raba shi tsakiya ya fi kyau.

Sama fari fat

Idonka yana iya ganin gajimare mai haske da inuwar gindin bishiya a kallo ɗaya, saboda yana daidaita kansa duk inda ya sauka. Farantin da ke karɓar haske a cikin waya ƙarami ne, tazarar da yake iya ɗauka tsakanin haske da duhu ba ta kai ta ido ba. In ƙasa ta yi duhu, kamar yadda take da sassafe, wayar takan ƙara haske don ta fito da ita, sai sama ta ƙone. Abin da ya ƙone ya zama fari kuwa ya tafi, babu manhajar da za ta dawo da shi. Wanda ya yi duhu ana iya ɗago shi daga baya. Saboda haka kullum ka kare sama.

Yadda ake yi: ka taɓa fuskar wayar a wurin da kake so ya fito tar, za ka ga ɗan akwati ko da'ira da alamar rana a gefe. Ja alamar ƙasa har launin sama ya dawo, gajimare ya nuna jikinsa. In ka danna ka riƙe na ɗan lokaci, yawancin wayoyi sukan kulle saitin, ba zai sauya ba in ka motsa. Da fitowar rana ina rage hasken fiye da yadda wayar take so, domin ita burinta ta mai da kowane lokaci kamar hantsi, alhali kai duhun nan da jan nan ne suka tsayar da kai. In akwai HDR ka bar shi a kunne, yana ɗaukar hotuna da yawa cikin ƙiftawa ya haɗa su, yana taimakawa sosai, ko da yake wani lokaci yakan wuce gona da iri ya kashe inuwa har hoton ya yi lami.

Amma duk wannan gyaran gefe ne. Babban abin shi ne lokacin da ka isa tudun da kuma inda rana take. Rana tana tafiyar digiri 15 a kowace awa. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya kusan a miƙe take hawa, saboda haka lallausan hasken nan mai ruwan zinariya ba ya daɗewa, minti 30 zuwa 40 ya wuce. A ƙasashen da ke can arewa ko can kudu a karkace take hawa, yakan ja lokaci. Ma'aunin da nake amfani da shi ba ya buƙatar agogo: in inuwata ta ninka tsayina sau uku ko fiye, haske yana nan. In ta dawo daidai tsayina, rana ta kai digiri 45, na mai da waya aljihu. Hasken da ke zuwa daga ƙasa-ƙasa yana bin fuskar ƙasa a kwance, kowace kunya da kowane tsagin dutse sai ya samu inuwarsa, abin ya fito da jiki. Da rana ta take, inuwa ta shige ƙarƙashin abubuwa, fili ya zama kamar tabarma. Irin wannan hasken na safe yana dawowa da la'asar sakaliya, daga ɗaya ɓangaren.

Ka ce hanyarka ɗaya ce, to ga tambayar da nake so ka amsa wa kanka gobe: in ka hau tudun kana fuskantar duwatsun, rana tana gabanka ne, ko bayanka, ko gefenka? In tana gabanka, to ga dalilin farar samarka, kuma hoton da ke wurin na inuwa ne, duwatsu baƙaƙe jere-jere, na nesa ya fi na kusa haske, tafki yana walƙiya. Ka rage haske sosai ka ɗauke shi a haka. In tana bayanka, launi zai fito amma duwatsun za su yi sumul babu jiki, ga inuwarka tana shiga hoto. In tana gefe, ka dace. Wani lokaci maganin duka shi ne ka juya tattakin, ka fara ta inda kake ƙarewa, don ka iso tudun minti 20 kafin lokacin da ka saba.

Kuma rana ba a wuri ɗaya take fitowa duk shekara ba. Wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba ne take fitowa daidai gabas. Zuwa Yuni ta karkata arewa, zuwa Disamba ta koma kudu. Akwai wata bishiya guda a kan hanyar da nake bi, tsaye ita kaɗai a bakin wani kwari. Na fi wata biyar ina wuce ta, na ɗauke ta ya fi sau goma, duk babu wanda ya yi, don bayanta wani tudu ne mai duhu da ke haɗiye ta. Wata safiya a watan Disamba, bayan an kwana da sanyi, hazo ya kwanta cikin kwarin, rana kuma ta matso inda haskenta ke shigowa ta bayan bishiyar. Tudun ya ɓace cikin fari, kowane reshe ya fito kamar an zana shi da alƙalami. Ban yi minti biyu a wurin ba, domin na riga na san dutsen da zan taka da inda zan durƙusa. Kafin in kai gida hazon ya watse. Baƙon da ya zo wurin sau ɗaya ba zai taɓa samun wannan ba sai da gagarumar sa'a.

Ƙafa tana cikin kayan aikin mai hoton fili tun asali. Galen Rowell, Ba'amurken nan mai hawan tsaunuka da ya rasu a 2002, ya yi suna da fita gudu da ƙaramar kyamara. A 1981 yana birnin Lhasa na Tibet, ya hango bakan gizo a wani fili, nesa da fadar Potala. Ya san bakan gizo yana tafiya ne tare da mai kallonsa, saboda haka ya zuba da gudu fiye da kilomita ɗaya da rabi, a wurin da tsayinsa ya kai mita 3,600 daga teku inda numfashi ke wuya, har bakan ya sauka daidai kan rufin fadar. Ban ce ka yi gudu ba, Malam, da hawan jininka. Abin ɗauka shi ne ya san inda ya kamata ya tsaya, ya kai kansa can. In ka ga an ɗauke ruwa da safe ko da yamma, rana ta leƙo ƙasa-ƙasa, juya mata baya, a nan bakan gizo yake fitowa. Bayan ruwa kuma iska takan wanke, ƙura ta kwanta, duwatsun nesa su matso.

Dishi-dishi

A nan kusan na tabbata da abin da ke faruwa, domin ya faru da ni. Na taɓa yin mako guda ina zargin wata waya, har na fara tunanin kai ta gyara, ashe gumi ne. Waya tana aljihu jikin cinya, ga zufa, ga yatsa yana taɓa gilashin duk lokacin da aka ciro ta. Ɗan maiƙon nan da ba ka ma gani shi ke sa haske ya bazu, hoto ya yi kamar an ɗauka ta cikin hayaƙi, musamman in rana tana gaba. Ka goge gilashin kafin kowace ɗauka, da busasshen ƙyalle mai laushi, ba da rigar da ta jiƙe ba. Ni ina ajiye ɗan ƙyallen goge tabarau a cikin leda tare da wayar.

Na biyu shi ne haki. Ka hau tudu, zuciya tana bugawa, ƙirji yana sama da ƙasa, hannu yana rawa ba ka sani ba. Da sassafe kuma haske kaɗan ne, dole wayar ta bar idonta a buɗe ya ɗan jima, duk motsin da ka yi a wannan ɗan lokacin yana shiga hoto. Saboda haka in ka tsaya, ka ba kanka daƙiƙa 30 kana kallo kawai, wanda dama shi ne lokacin zagawa da zaɓen wuri. Sannan ka ware ƙafa, ka riƙe wayar hannu biyu, ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ka saki rabin numfashi, ka danna a hankali. Maɓallin ƙara sauti na gefe yana ɗaukar hoto a yawancin wayoyi, kuma ya fi dungurin fuskar waya natsuwa. In akwai dutse ko kututture, jingina a kai, ko ka ɗora wayar ka sa mata ƙidayar daƙiƙa uku. Ka ɗauki uku a jere, ɗaya zai fi sauran tsabta.

To, kyamarar fa?

Akwai abin da kyamara ta fi waya, ba zan ɓoye maka ba. Farantinta babba ne, tana jure duhu, tana riƙe sama da inuwa tare fiye da waya, kuma da dogon gilashi tana ciro dutsen nesa da tsabtar da waya ba ta kaiwa. In burinka ka wanke hoto babba ka rataye a bango, za ka ga bambanci. Amma waya nauyinta kamar giram 200 ne, ƙaramar kyamara da gilashinta kuwa rabin kilo zuwa sama, tana lilo a ƙirji, tana hana hannu sakewa. Na san mutane da yawa da suka saya, suka fita da ita mako biyu, ta koma cikin akwati. Wanda ya fi muni shi ne wanda kyamarar ta mai da tattakinsa yawon hoto, motsa jikin ya mutu.

Shawarata ka yi wata uku da wayar kana bin abin da na faɗa. In bayan nan ka ga akwai takamaiman hoton da kake gani, ka san inda za ka tsaya da lokacin, wayar ce kawai ta kasa, to ka saya, kuma a lokacin ka san irin wadda kake buƙata. Ka nemi ƙarama da gilashi ɗaya, ka sa ta a jakar ƙugu ko ka rataya ta a kaikaice ta kwanta a bayanka. Ka bar mata saitin A ko Av, wanda kai ke zaɓar faɗin ƙofar haske ita ta daidaita sauran, ka sa ƙofar a lambar f/8, ISO kuma, wato ƙarfin jin haske na farantin, ya daidaita kansa. Tsohuwar ƙa'idar riƙe kyamara a hannu ita ce saurin ƙiftawa kada ya gaza ɗaya bisa tsawon gilashin, wato gilashin milimita 50 yana son 1/60 na daƙiƙa. Mai haki ya ninka, ya sa 1/125. Sandar kafa kyamara mai ƙafa uku kuwa ka bar ta gida, ba ta tattaki ba ce. Kuma kada ka taɓa kallon rana kai tsaye ta cikin madubin leƙen kyamara, tana iya lahanta ido.

Gyaran hoto kuma a gida ake yinsa, a zaune, ba a kan hanya ba. Manhajar hotuna ta wayar ta isa, ko manhajar gyaran hoto ta Snapseed. Daidaita karkata, yanke gefen da ba shi da amfani, rage wurin da ya yi haske da yawa, ɗago inuwa kaɗan. Wajen ƙara launi ne mutane ke zarmewa har ciyawa ta koma kamar fenti. In ka ja har ya burge ka, mai da shi baya rabi. In za ka tura wa wani ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil ko ka zaɓi HD, in ba haka ba manhajar tana matse shi, wani dishi-dishin ma daga nan yake.

Abu uku na tsaro, musamman in kai kaɗai kake fita. Kada ka ja da baya ido yana kan waya. Na taɓa yin haka ina neman bishiya ta shiga hoto, sai ji na na yi a cikin rami, na yi sati uku ina ɗingishi, babu tattaki babu hoto. Ka juya ka kalli inda za ka, ka taka, sannan ka juyo. Hadari kuma yana da kyau a hoto, amma kan tudu da gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai su ne wuraren da tsawa ta fi faɗawa. Tsakanin walƙiya da ƙararta, kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce, kuma muddin kana jin ƙarar to kana inda za ta iya kaiwa, sauka kawai. Sannan wayoyi suna liƙa wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi da lokacin. Mai bin hanya ɗaya a lokaci ɗaya kullum, in yana watsa hotunan, gara ya kashe wannan a saitin kyamara.

Ga abin da nake so ka yi a makon nan. Kwana ukun farko kada ka ɗauki ko ɗaya. Yi tattakinka da cikakken sauri, ka lura da ƙarfe nawa rana ke taɓa kan duwatsun, ta wane gefe, da kuma abu ɗaya a kusa da tudun da zai iya zama a gaban hoto. Rana ta huɗu ka daidaita fitarka don ka iso wurin a wannan lokacin, ka goge gilashi, ka huce, ka ɗauki ɗaya a durƙushe da abin kusa, ɗaya kuma daga baya a zuƙe. Ka turo mini su biyun yadda suke, kada ka gyara, tare da lokacin da ka ɗauka da inda rana take, sai mu duba tare.